Aikin Sabo Ne, Amma Ba Sabo Ba Ne

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Ɗanlami, yaya Dubai?" Wancan ya ce, "Wai da gaske 'yan sandansu motar tsere suke hawa?" Har Garba mai walda, wanda ko Kaduna bai taɓa zuwa ba, yana tambayata ko na hau dogon benen nan. Ban hau ba. Ko kusa da shi ban je ba. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji huɗu na bar makaranta, kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, rewaya nake yi a Ƙofar Ruwa, wato sake wa moton inji naɗin waya. Fanka, injin ban ruwa, injin markaɗe, sai kuma injin zuƙar ƙura irin wanda ake share kafet ɗin masallatai da shi. Gado ne. Mahaifinmu ya koya mana, ni da ƙanena Sabo. Sabo ya tafi Dubai shekara tara da suka wuce, wai zai yi saro ya dawo. Bai dawo ba. Yana kira da Sallah, yana kira in an yi haihuwa, sai wata rana layin ya daina shiga. Shekara huɗu ko tarinsa ba mu ji ba.

Alhaji Mudi, mai shigo da kayan wuta na gwanjo, shi yake ba ni aikin tsince masu rai daga matattu in kwantenarsa ta iso. Ran nan ina kwance wani kwali na kayan injin zuƙar ƙura, sai na ɗago amaca, wato ƙarfen nan da ke juyawa a cikin moto, wanda ake naɗa wa wayar jan ƙarfe. Ta wani tsohon inji ce, irin wanda ko mahaifinmu sau biyu ya taɓa gani. An sake mata naɗi da hannu. Sai na ga ɗaurin. Kowa a duniya da farin zare yake ɗaure bakin naɗi. Gidanmu kaɗai muke ɗaurewa da koren zaren ɗinkin hula, don shi mahaifiyarmu take da shi a gida. Kuma ƙullin ya kwanta hagu. Sabo bahago ne.

Banish ɗin da aka shafa wa naɗin yana ɗaukar ido kamar zuma sabuwar tata. A shagona banish ba ya wata shida bai yi duhu ba. Na rufe shago tun kafin la'asar.

Inna idanunta sun yi yana, da hannu take gani. Na ɗora mata amacar a cinya. Na ce, "Inna, hannun Sabo ne."

Ta daɗe tana juya ta, tana bin naɗin da yatsa. Ita ce take shafa wa naɗin mahaifinmu banish ta shanya a rana shekara da shekaru, ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta ce, "Yaushe aka yi aikin?"

Na ce, "Sabo ne fil, Inna. Wallahi bai fi wata uku ba. Yana nan da ransa."

Ta miƙo mini. Ta ce, "To ka bi shi."

Alhaji Mudi ne ya yi mini biza a matsayin mai duba masa kaya. Wahalar farko tun a filin jirgin Kano ta same ni. Na sa amacar a jakar hannu, na naɗe ta da tsohon rawani. Jakar ta shiga injin haska kaya, sai na ga mai kallon allon ya miƙe tsaye.

"Malam, mene ne wannan mai wayoyi?"

"Amaca."

"Amaca ta me?"

"Ta ƙanena."

Alhaji Mudi ya dafe kai. Ya ce, "Ɗanlami, don girman Allah ka yi shiru in yi bayani. Ranka ya daɗe, makanike ne, ba shi da ko ashana." Aka kwance rawanin a gaban jama'a, mutum uku suka sansana ta, aka ce sai dai ta bi kayan awo. Har muka sauka a Habasha muka canja jirgi hankalina yana cikin wannan jaka. Abincin jirgi ban ci ba. Wani abu ne fari a ɗan kwano, Alhaji ya ce kifi ne, na ce to ya gaishe shi.

A Dubai ba mai tambayarka daga ina, gidan wa. Ka tsaya a layi, ka kalli wani gilashi ya ɗauki ƙwayar idonka, jami'in ya buga hatimi ya ce "yalla" bai ɗago kai ba. A tasharmu ko ɗan kamasho sai ya tambaye ka mutanen gida kafin ya cuce ka.

Masaukinmu a Deira ne, bayan kasuwar Murshid. Alhaji ya kama ɗakinsa shi kaɗai, ni aka sa ni a ɗakin mutum shida, gado kan gado. Sama aka ba ni. Mutum mai shekara hamsin da biyu da ciwon gwiwa yana hawa tsani kamar zai gyara rufin kwano. Esi kuwa ba a kashe shi, wai in an kashe sai bango ya yi gumi. Kwana ɗaya mura ta kama ni. A waje kuma in ka fito kamar ka leƙa tanderun gurasa. Abinci shinkafa ce mai yaji irin ta Indiyawa, safe da rana, da wani burodi mai maiƙo kamar an soya tsumma. Shayinsu ne kawai na yaba, karak suke ce masa, yana da kauri, sai dai kofin ko kurɓa uku bai kai ba.

Wanda ya riƙe ni a garin Nura ne, ɗan Fagge, mai haɗa kaya a wani ofishin kago a Murshid. Shekararsa goma sha biyu a can, yana jin Larabci da Turanci da ɗan yaren Indiyawa. Ranar farko ya finciko rigata ina shirin tsallaka titi.

"Yaya Ɗanlami, nan ba Kantin Kwari ba ne. Sai ɗan mutumin can na jikin fitila ya zama kore."

"Ai babu mota."

"Akwai kyamara."

Na shiga lif na yi sallama, mutum takwas a ciki, ba wanda ya amsa. Kowa ya sunkuya a kan waya. Na ce wa Nura ko rasuwa aka yi musu. Ya ce a'a, haka suke.

Kwana uku da safe ina bin Alhaji sito-sito ina duba masa kaya. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Inji lafiyayye, kabon, ɗan gawayin nan da ke gogar amaca, kawai ya cinye, abin da zan canja kafin shayi ya huce, sun jefar. Abin da suka zubar shi muke loda wa jirgin ruwa mu kai gida mu ci abinci da shi. Da yamma kuma ni da Nura mu shiga cigiya. Na riƙe hoton Sabo na ranar auren ƙanwarmu, da hula da babbar riga. Mun je wurin masu ɗaure kaya, mun je masallacin da Hausawa suka fi taruwa, mun je filat ɗin wata Hajiya mai sayar da tuwo da miyar kuka, inda duk Bakanon da ke Deira sai ya leƙa. Ta karɓi hoton ta kai shi kusa da fitila.

"Sabo? Sabo na wa?"

"Na Malam Audu mai rewaya."

"Ɗan'uwa, duk wanda ya taɓa cin tuwona na san fuskarsa. Wannan bai ci ba."

Nura ya ce mini a hanya, "Akwai irinsu. In mutum ya zo saro jari ya karye, biza ta ƙare, sai ya guji 'yan gida. Kunya. Gara ya zauna cikin baƙi da a kai labari Kano."

Rana ta huɗu muka koma bin amacar maimakon bin mutum. Kwalin da ta zo a ciki Alhaji ya saye shi ne wurin wani ɗan Pakistan mai sito a wajen Port Saeed, kusa da inda jiragen katako suke lodi. Na kwance rawanin. Mutumin ya kalla sau ɗaya ya ce, "Caca."

Na ce wa Nura, "Me ya kawo caca? Ce masa ni ba na yi."

Nura ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a yarensu caca kawu ke nan. Wani tsoho ne a International City, mai tara tsofaffin injunan zuƙar ƙura, ya rage kayan da suka yi masa yawa ya sayar da kwali biyu.

Jirgin ƙasa muka fara hawa, na faɗa taragon mata ban sani ba, sai da wata Bafilifina ta nuna mini layin da aka ja a ƙasa. Daga nan bas. International City gidaje ne iri ɗaya kamar an buga su da bulo guda, ga wata ƙatuwar kasuwar 'yan Sin a gefe. In aka sake ni a wurin ni kaɗai, har yau ina can.

Caca tsoho ne Ba'indiye, Musulmi, siriri, da farin gemu da tabarau mai kauri. Ya yi shekara arba'in yana gyara wa otal-otal injuna kafin ya ajiye aiki. Da ya buɗe ƙofa sanyi ya buge ni kamar an buɗe firji. Falon babu kujera sai guda biyu. Ko'ina injuna ne, a kan katako, jere, kowanne da 'yar takarda a ɗaure a wuya. Ni da nake tsammanin na san injin zuƙar ƙura, ashe jikokinsu na sani.

Akwai wanda ba ya amfani da wuta sam, zugazugi ne da shi irin na maƙera, mutum ɗaya yana bugawa ɗaya yana jan bakin. Akwai dogo kamar harsashi, a kan ƙafafun ƙarfe maimakon taya. Akwai mai jakar yadi da fitila a goshi, wai don a ga ƙarƙashin gado. Akwai ƙulalle kamar tulu. Tsohon yana magana Nura yana juya mini. Ya kifar da ɗaya ya nuna mini farantin lamba a gindinsa, ya ce daga nan ake fara sanin inji, amma faranti yana ƙarya, don ana cire na wani a manna wa wani. Abin da ba ya ƙarya shi ne igiyar wuta, ko ta yadi ce ko ta roba, da kan kusoshi, da nauyin jiki, da wari. Ya sa na sansana wani makunni baƙi. Warin tsohuwar rediyon mahaifinmu ne sak. Ya ce duk kayan da aka sake wa aiki yana rubuta shi daban, ba ya haɗa shi da na asali, don ranar da ya mutu kada a yaudari wani da sunansa.

Ni dai na ƙagu mu zo kan abin da ya kawo ni. Na kwance rawanin na ajiye amacar a kan teburinsa.

Bai taɓa ta ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Muhammad Lefti."

Nura ya ce, "Wai Muhammadu bahago."

Sunan yanka na Sabo Muhammadu ne. Rabon da in ji an kira shi da shi tun ranar da aka sa shi a allo.

Na ce, "Shi ne! Tambaye shi yana ina. Ce masa yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ce masa na san yana kusa, wannan aikin sabo ne."

Nura ya faɗa. Tsohon ya dube ni. Ya ja amacar gabansa, ya sa farcen babban yatsa a gefen naɗin ya danna. Banish ɗin ya yi ƙas, ya ɓalle kamar ƙanzo.

Ku da kuke sana'ar kun san abin da wannan yake nufi. Sabon banish yana lotsawa a ƙarƙashin farce, ya bar shaida kamar kakin zuma. Wanda ya shekara uku, huɗu, fashewa yake. Launi ne ya ruɗe ni. A Kano zafi da hayaƙin janareto suke baƙanta banish. Wannan kuwa a cikin kwali ta zauna, a ɗakin da ba a kashe esi, shi ya sa ta fito kamar jiya aka shafa. Amma kada in yi wa kaina ƙarya. Shekara talatin da biyar ina gwajin farce, kullum sai na yi wa kayan mutane. Wata biyu amacar nan tana hannuna ban sa mata farce ba. Ban manta ba. Ƙi na yi.

Tsohon ya juya ta, ya nuna wani wuri a ɗaya gefen inda banish ya riga ya ɓalle, ɗan ƙarami. Ya ce wani ya riga ya gwada. Na ce wataƙila a kwantena ta bugu. Ya girgiza kai.

Sauran labarin a tsaye na ji shi, duk da ya turo mini kujera. Sabo ya yi masa aiki shekara biyar a ɗan ɗakin baya. Ya ce bai taɓa ganin mai naɗi irinsa ba, ana kawo moton da kamfaninsa ya rufe tun kafin a haife mu, Sabo ya ƙirga zagayen tsohuwar waya ya mayar daidai. Shi yake zazzage tsofaffin jakunkunan ƙura, shi yake gasa banish a ɗaki rufe. Tari ya kama shi. Ya ƙi asibiti saboda ba shi da takarda. Ranar da ya kasa tashi tsohon ya kira mota da kansa. Kwana uku ya yi a asibiti ya cika.

Tsohon ya ce ya ɗauki kwafin fasfon Sabo ya je Murshid wurin mutanenmu cigiyar dangi. Nura yana cikin fassarawa sai ya tsaya. 

"Nura, me ya ce?"

"Yaya... na tuna. An yi cigiyar dangin wani Muhammad Abdullahi, ɗan Kano. Hoton duk ya yi baƙi. Ni da kaina na tura a guruf uku a waya." Ya share fuska da hannun riga. "Mu bakwai muka yi masa salla. Ina sahun gaba. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa ba, a likkafani na same shi."

Muhammad Abdullahi. Ka tsaya a bakin Kwari ka kira wannan suna ka ga mutum nawa za su waiwayo. Mahaifinmu Audu kowa ya sani, Sabo kuma Sabo. Da sun rubuta Sabo na Audu mai rewaya, kafin magariba labari ya iso Ƙofar Ruwa. Kwana huɗu Nura yana yawo da ni a rana muna neman mutumin da ya riga ya sallata.

Tsohon ya shiga ɗakin baya ya fito da wani gwangwanin alewa. Zaren hula ne kore a ciki, saura kaɗan, da ɗan almakashi irin na bahago. Ya kuma jona wani inji mai jakar yadi, ya ce moton ciki naɗin Sabo ne na ƙarshe. Ya kunna. Ƙarar ta tashi sumul, babu gargada, babu tartsatsi. Na saurara kamar minti ɗaya na ce ya kashe.

Washegari da hantsi Nura ya kai ni maƙabartar, can bayan gari. Babu itace, babu tukunya, babu komai sai lambobi a jere. Mai gadi ya duba na'ura ya rubuta mana lamba a takarda. Na tsuguna na yi abin da ya sawwaƙa. Ƙasar tana ƙona gwiwa, ban iya daɗewa ba. Wannan ita ce Dubai da na gani, masu tambayar dogon bene.

A jirgin dawowa na shirya ƙarya kala uku. Ya koma wata ƙasa. An ce an gan shi bara. Yana ɓoye ne sai ya gyara takardunsa. Na zaɓi ta ukun.

Na sami Inna a tsakar gida bayan azahar, tana tsince wake da hannu. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya. Na buɗe baki in fara, sai ta ce, "Ba ni ƙarfen."

Na ba ta. Ta juya shi, yatsanta ya tafi kai tsaye kan ɗan wurin nan da tsohon ya nuna mini. Ta laluba gaba ta ji na biyun.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Wannan kuma na wa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Tun ranar da ka ɗora mini a cinya na sa farce. Kana ta rantsuwa, na ƙyale ka. Da na faɗa maka ba za ka je ba." Ta ajiye amacar a cikin faifan waken. "Ka ga kabarin?"

Na ce na gani.

"An yi masa salla?"

Na ce mutum bakwai.

Ta ce, "Bakwai mutane ne." Ta miƙo hannu, na sa mata takardar lambar, ta ƙulle ta a bakin zaninta. Sannan ta ce in fita in gaya wa liman, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Waɗanda suka zo zaman makoki sun ga ana karɓar gaisuwar mutumin da ya shekara huɗu a ƙasa, sun ci wake da shinkafa, sun tafi. Koren zaren yana shagona a cikin gwangwaninsa. Ban ɗaure komai da shi ba tukuna.